Shekara 53 ana haɗa mota a gari ɗaya: nazarin rufe wata masana'antar General Motors a jihar Ohio

Asalin lamarin

Garin Lordstown ƙarami ne, mutanensa ba su kai dubu huɗu ba. Yana arewa maso gabashin jihar Ohio ta Amurka, kusa da birnin Youngstown da ya yi suna a da kan narka ƙarfe. Gonaki ne a wurin kafin kamfanin General Motors, wanda aka fi sani da GM, ya gina masana'antar haɗa motoci a bakin babbar hanyar da ta ratsa jihar. Mota ta farko, Chevrolet Impala, ta fito a watan Afrilun 1966. A shekarun nan kusan rabin duk sababbin motocin da ake sayarwa a Amurka na GM ne. Da aiki ya kankama, ma'aikatan wurin sun haura dubu goma, suna tahowa daga garuruwan da ke kewaye, har da na maƙwabciyar jiha Pennsylvania. Saurayi ya gama sakandare, ya samu aiki a layin haɗa mota, ya yi aure, ya sayi gida, ya tsufa da fansho da inshorar asibiti.

Akwai wata doka da ta girmi masana'antar da shekara biyu, kuma za mu sake haɗuwa da ita. A farkon shekarun 1960 Faransa da Jamus ta Yamma sun ɗora haraji mai nauyi a kan kajin Amurka. Shugaba Lyndon Johnson ya rama a 1964 da ƙarin haraji a kan wasu kayan Turai, ciki har da kashi 25 cikin ɗari a kan motocin a-kori-kura da ƙananan motocin ɗaukar kaya. An daɗe da manta rigimar kaji, an janye harajin sauran kayan, amma na a-kori-kura ya zauna daram, har yau kuma "harajin kaza" ake ce masa. Ƙaramar motar hawa kuwa, shekaru da yawa kafin 2025 kashi biyu da rabi kacal aka riƙa biya mata idan an shigo da ita. Wato babbar mota tana da katanga, ƙarama tana fili. Garin nan, tun daga 1970, galibi ƙaramar mota aka ba shi.

1970 zuwa 1977: Vega da daƙiƙa 36

Zuwa ƙarshen shekarun 1960 Volkswagen Beetle ta cika titunan Amurka, Toyota da Datsun na biye da ita. GM ya ce zai fitar da motar da za ta kore su, ya sa mata suna Vega, ya zaɓi wannan masana'anta. Aka kawo na'urorin walda masu sarrafa kansu, aka tsara layin ya riƙa fitar da mota 100 a awa ɗaya, alhali yawancin masana'antu a lokacin kusan 60 suke yi.

Mota 100 a awa na nufin kowane ma'aikaci yana da daƙiƙa 36. A cikinsu zai ɗauko kayan, ya shiga ko ya sunkuya cikin motar da ke tafiya, ya ɗaure abin da zai ɗaure, ya fito, ya tarar ta gaba ta iso. Haka har awa takwas, wani lokaci da ƙari na dole. A ƙarshen 1971 sababbin shugabanni suka karɓi wurin, suka sallami ɗaruruwan ma'aikata, ba su rage gudun layin ba. Motoci suka fara isa ƙarshen layi da kayan da ba a ɗaura ba. Kamfani ya ce zagon ƙasa ne, ya nuna kujerun da aka yaga da fentin da aka karce. Ma'aikata suka ce daƙiƙa 36 ba ta ɗaukar aikin mutum biyu. A watan Maris na 1972 suka tafi yajin aiki na kwana 22. Yawancinsu samari ne 'yan shekara ashirin da wani abu, wasu ba su daɗe da dawowa daga yaƙin Biyetnam ba, kuma ba ƙarin albashi suke nema ba, gudun layin ne ya ishe su.

Ita kanta motar tana da nata ciwon da ba a layin aka sa mata ba. Injinta na alminiyum ne, yana ɗaukar zafi, yana shan baƙin mai. Jikinta na saurin tsatsa, musamman a jihohin da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. An sayar da kusan miliyan biyu kafin a daina yin ta a 1977, kuma rikicin man fetur na 1973, lokacin da gangar ɗanyen mai ta tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan 12, ya taimaki cinikinta na ɗan lokaci. Sai dai mutane da yawa da suka saye ta, da suka tashi sauya mota, wurin dillalin Toyota ko Honda suka nufa.

A ranar 19 ga Satumban 1977 kamfanin ƙarfe na Youngstown Sheet and Tube ya sanar da rufe babbar masana'antarsa, aiki dubu biyar ya tafi a rana ɗaya. Sauran kamfanonin ƙarfe suka bi sahu cikin 'yan shekaru. Daga nan masana'antar motar ta zama jigon yankin baki ɗaya.

1981 zuwa 2007: kariya daga gwamnati

Bayan juyin juya halin Iran na 1979 mai ya sake tashi, motocin Japan suka sake samun kasuwa. A 1981 gwamnatin Ronald Reagan ta matsa wa Japan har ta amince, wai da son ranta, kada ta tura wa Amurka fiye da mota miliyan 1.68 a shekara. Manufar ita ce kamfanonin gida su samu sarari su gyara aikinsu.

Japanawa sun bi ta hanya biyu. Tunda an ƙayyade yawa ba a ƙayyade farashi ba, sai suka koma turo motoci masu tsada, abin da ya kai ga Acura a 1986 da Lexus a 1989. Sannan suka tsallake katangar gaba ɗaya. Honda ya fara haɗa Accord a garin Marysville a 1982, a cikin jihar Ohio ɗin nan. Nissan ya buɗe a Tennessee a 1983, Toyota a Kentucky a 1988. Ma'aikatansu Amurkawa ne, matasa, ba su cikin ƙungiyar ƙwadago ta UAW, kuma kamfanonin ba su da tsofaffin ma'aikata da za su biya fansho. (Mai sayen motar kwatano a Kano ko Kaduna ya san sakamakon ko da bai san tarihin ba. Idan aka ce mota "daga Amurka take", galibi Camry ce ko Accord, ba Chevrolet ba.)

Garin namu ya samu Cavalier daga farkon shekarun 1980, ta yi sama da shekara ashirin, sannan Cobalt ta gaje ta. Cavalier ta yi kasuwa, amma da arha take ci, ba da inganci ba, kuma ribarta ba ta taka kara ta karya ba. To me ya sa kamfanin ya ci gaba da yin ta? Wata dokar 1975 ta tilasta wa kowane kamfani cewa idan aka haɗa duk motocin hawan da ya sayar, matsakaicin shan mansu kada ya wuce wani mizani. Kowace ƙaramar mota da aka sayar tana ba kamfanin damar sayar da babba mai zuƙar mai, wadda a nan ribar take. Ga kuma nauyin baya: zuwa 2005 GM na cewa kuɗin asibitin ma'aikata da 'yan fansho kaɗai na ƙara kusan dala 1,500 a kan kowace mota. A kan jif ɗin dala dubu arba'in wannan ba ya nunawa sosai. A kan motar dala dubu goma sha biyar ya cinye ribar.

A 2007 ƙungiyar UAW ta amince da albashi hawa biyu. Tsohon ma'aikaci na karɓar kusan dala 28 a awa, sabo kusan 14, ga su a layi ɗaya.

2008 zuwa 2014: durƙushewa da farfaɗowa

A watan Yulin 2008 galan ɗin fetur ya haura dala 4, cinikin manyan motoci ya faɗi, bayan wata biyu bankuna suka rikice, bashin sayen mota ya ƙafe. Rabon GM a kasuwar Amurka ya sauko zuwa kusan kashi 22. Ranar 1 ga Yunin 2009 kamfanin ya shiga kotu ya ayyana karayar arziki. Gwamnatin tarayya ta zuba kusan dala biliyan 50, ta zama mai mafi yawan hannun jari. A cikin kwana arba'in aka fito da sabon kamfani: an yafe basussuka masu yawa, an rufe masana'antu, an yar da Pontiac da Saturn da Hummer da Saab. Da gwamnati ta gama sayar da hannun jarinta a Disambar 2013, asararta ta kai kusan dala biliyan 11.

Wannan masana'anta ta tsira, har ma ta zama abin nunawa. GM ya kashe kusan dala miliyan 350 ya shirya ta domin sabuwar mota, Chevrolet Cruze. Jihar Ohio ta ba da rangwamen haraji na kusan dala miliyan 60 bisa sharaɗin riƙe ayyukan na shekaru masu yawa. Shugaba Barack Obama ya zo da kansa a Satumban 2009. An fara haɗa Cruze a 2010, aka koma aiki rukuni uku, na safe da na yamma da na dare, da ma'aikata kusan 4,500. A karon farko garin na haɗa motar da masu sharhi ke jerawa da Corolla da Civic ba tare da dariya ba. A 2014 an sayar da sama da dubu 270.

A wannan shekarar ce kuma tsohon laifi ya fito fili. Wurin saka makullin Cobalt da wasu ƙananan motoci yana da ɗan ƙaramin sifirin da bai da ƙarfi. Idan direba ya rataya makullai masu nauyi, ko gwiwarsa ta taɓa, ko mota ta faɗa rami, makullin na iya juyawa injin ya mutu ana cikin gudu. Sitiyari ya yi tauri, birki ya yi nauyi, jakar iska ta ƙi buɗewa. An janye mota kusan miliyan 2.6, asusun diyya ya amince da mutuwar mutum 124, kamfanin ya biya tarar dala miliyan 900. Kuskuren na injiniyoyi ne da aka sani aka yi shiru shekara da shekaru, ba na masu ɗaurawa a layi ba, amma sunan ƙaramar motar GM ne ya sake ɓaci.

2014 zuwa Maris 2019: sauka

Daga tsakiyar 2014 zuwa farkon 2016 gangar ɗanyen mai ta faɗo daga sama da dala 100 zuwa ƙasa da 30. Fetur ya yi arha, bashin banki ya yi sauƙi, Amurkawa suka koma jif da a-kori-kura. Zuwa 2018 kusan kashi 70 na sababbin motocin da ake saye irin waɗannan ne. Fiat Chrysler ya daina Dodge Dart da Chrysler 200 a 2016. Ford ya sanar a Afrilun 2018 cewa zai bar yawancin ƙananan motocinsa. Toyota da Honda da Hyundai ba su bari ba.

A Janairun 2017 aka soke rukunin dare, aiki kusan 1,200. A watan Yulin shekarar Shugaba Donald Trump ya yi gangami a Youngstown, ya ce wa mutane kada su ƙaura, kada su sayar da gidajensu, ayyuka na dawowa. A Maris na 2018 ya ɗora harajin kashi 25 a kan ƙarfen waje da kashi 10 a kan alminiyum. Farashin ƙarfen cikin gida ma ya tashi, GM ya ce tsadar kayan aiki za ta ƙara masa kusan dala biliyan ɗaya. Ranar 22 ga Yunin 2018 rukuni na biyu ya yi aikinsa na ƙarshe, kuma a ranar ne aka ji cewa sabuwar jif ɗin Blazer a Meziko za a haɗa ta.

Ma'aikata sun gwada abin da ke hannunsu. Sun amince a miƙa wasu ayyukan ga masu ƙaramin albashi. Ƙungiyarsu ta haɗa kai da 'yan kasuwar yankin aka yi gangamin roƙon a ba su wata mota, 'yan makaranta suka rubuta wa shugabar kamfanin, Mary Barra, wasiƙu. Sanatocin jihar biyu, ɗan Dimokurat da ɗan Rifablikan, suka sa baki.

Ranar 26 ga Nuwamban 2018 GM ya sanar da dakatar da masana'antu biyar a Amurka da Kanada da rage ayyuka kusan dubu 14. Bai ce "rufewa" ba, domin yarjejeniyarsa da ƙungiyar ƙwadago ta hana. Cewa ya yi ba a ware wa wuraren wata mota ba. A ranar hannun jarinsa ya tashi da kusan kashi 5. Cinikin Cruze a shekarar ya sauko zuwa kusan dubu 143. Ranar 6 ga Maris na 2019 ta ƙarshe ta fito, fara, ma'aikata suka lulluɓa mata tutar Amurka, suna binta suna ɗaukar hoto. Masana'antar ta haɗa mota sama da miliyan 16.

Yawancin waɗanda suka rage an ba su zaɓi: ko su karɓi canjin wurin aiki zuwa Tennessee ko Missouri ko Kentucky ko Texas, ko su rasa haƙƙoƙinsu. Wasu sun kwashe iyali, wasu sun tafi su kaɗai suka bar mata da yara, suna tuƙin awa takwas ko goma su zo gida ƙarshen mako. Kamfanonin da ke yi wa masana'antar kujeru da sauran kaya suka rufe, nasu ma'aikatan ba wanda ya yi musu tayin komai. Yajin aikin kwana 40 da UAW ta yi wa GM a ƙarshen 2019 ya ceto masana'antar Detroit-Hamtramck, bai ceto wannan ba. A 2020 jihar Ohio ta sa kamfanin ya mayar da dala miliyan 28 na rangwamen haraji, ya kuma kashe miliyan 12 a yankin.

2019 zuwa 2025: magada

Wani sabon kamfani da ya ari sunan garin, Lordstown Motors, ya sayi ginin a kan dala miliyan 20, ya ce zai haɗa a-kori-kura mai aiki da lantarki. Ya yi shelar cewa an riga an yi odar dubu ɗari. A 2021 bincike ya nuna odar ba ta ɗaure kowa ba, shugabansa ya sauka. Foxconn na Taiwan, mai haɗa wayoyin iPhone, ya sayi ginin a kan dala miliyan 230 a 2022. A Yunin 2023 sabon kamfanin ya karye, motocin da ya haɗa ba su kai ɗari ba. A 2025 Foxconn ma ya sayar, aka ce kayan cibiyoyin adana bayanai za a riƙa ƙerawa a ciki.

Abin da ya ɗan yi tasiri shi ne masana'antar batir da GM da kamfanin LG na Koriya ta Kudu suka gina daura da tsohuwar, a kan kusan dala biliyan 2.3. Ta fara aiki a 2022, albashin farawa dala 16 da rabi a awa. Ma'aikatan suka shiga UAW da ƙuri'a 710 kan 16, bayan yajin aikin 2023 aka sa su cikin babbar yarjejeniyar GM, albashi ya tashi sosai, yawansu ya kai kusan dubu biyu. Sai gwamnati ta janye tallafin dala 7,500 ga mai sayen motar lantarki a ƙarshen Satumban 2025. Bayan wata ɗaya aka sanar da sallamar sama da mutum dubu a wurin, wasu na wucin gadi, wasu ba ranar dawowa.

Shi kuwa GM lafiyarsa ƙalau a takarda. A 2024 ya sayar da mota kusan miliyan 2.7 a Amurka, ya fi kowa, ribarsa ta kai kusan dala biliyan 6, mafi yawanta daga manyan motocinsa Silverado da Sierra da Tahoe da Escalade. Ya riga ya sayar da reshensa na Opel ya bar Turai a 2017, ya bar kasuwar Indiya, a ƙarshen 2024 ya rubuta asarar sama da dala biliyan 5 a China, inda BYD da 'yan uwansa kamfanonin ƙasar suka ƙwace kasuwa. Matsakaicin farashin sabuwar mota a Amurka, da bai kai dala dubu 40 ba a 2019, ya haura dubu 50 a Satumban 2025. Motar da ta maye gurbin Cruze wajen arha, Chevrolet Trax, a Koriya ta Kudu ake haɗa ta, don haka harajin da Trump ya ɗora wa motocin waje a Afrilun 2025 ya faɗa kan GM da kansa, ya ce zai ci masa biliyoyin daloli a shekarar.

Abin da nazarin ya nuna

An saba ɗora laifin a kan albashi da ƙungiyar ƙwadago. Tarihin bai goyi bayan haka sosai ba. An raba albashin sababbin ma'aikata biyu a 2007, kotu ta sauke basussuka a 2009, aka ƙara sassauci a 2017, duk da haka aka rufe. Ƙayyade motocin Japan ma bai yi aiki ba, domin ya kawo abokin gasa cikin gida ne, har cikin jiha ɗaya. Honda na haɗa Accord da hannun 'yan Ohio shekara arba'in yana samun riba, don haka ba za a ce Ba'amurke ba zai iya haɗa ƙaramar mota ba.

Abin da ya yi aiki, na ɗan lokaci, shi ne Cruze: mota mai kyau da ta zo lokacin tsadar mai. Ta zo ne bayan Vega da Cavalier da Cobalt sun kori masu saye shekara arba'in, kuma shekara huɗu ko biyar na kirki ba su isa su dawo da su ba. Da kasuwar ƙananan motoci ta tsuke, wanda mutane suka yarda da shi ne ya rage a ciki. A ganina kuma harajin kaza ya yi wa garin illa fiye da kowane kamfanin Japan. Ya sa a-kori-kura ta zama wurin cin riba ba gumi, duk dalar da za a kashe a gyara ƙaramar mota ta fi kawo amfani idan aka kai ta can, kuma kowane shugaban kamfani ya iya wannan lissafin.

To kamfanonin Amurka za su rayu? GM ya rayu, ta hanyar janyewa daga duk inda gasa ta yi zafi: ƙaramar mota, Turai, Indiya, yanzu kuma China na kuɓuce masa. Ya rage da kasuwa ɗaya mai kauri da motoci masu tsada, a bayan katanga biyu, ta 1964 da harajin kashi 100 da gwamnatin Joe Biden ta ɗora wa motocin lantarkin China a 2024. Muddin fetur na da arha, masu saye na iya biyan bashin shekara shida ko bakwai, katangar kuma na tsaye, lissafin zai ci gaba da fita. Amma a 2024 BYD ya riƙa sayar da ƙaramar motarsa ta Seagull a China a kan kusan dala dubu goma, motocin China sun riga sun cika dillalan Meziko, kuma a 1982 Honda ya nuna yadda ake shiga gidan da aka kulle ƙofarsa. Idan hakan ta sake faruwa, GM ba shi da masana'anta ko ɗaya a Amurka da ke haɗa motar talaka. Malibu, ta ƙarshe a irinta, an daina yin ta a Nuwamban 2024.